Kara uku bayan shayi

Shekara 16 na yi ina shan sigari, kwali guda a yini, har da ɗori idan ɗinkin sallah ya matsa. Ni tela ne, shagona yana Bukoki a nan Yamai. Bayan wani hunturu da tari ya hana ni barci, ya hana maiɗakina, ƙanena ya kawo mini sigarin lantarki, irin wanda samari ke kira puf. Ya ce, "Yaya, wannan ba wuta, ba toka. Ka jarraba."

Makonnin farko sai hamdala. Warin baki ya ragu, na dawo ina jin ɗanɗanon miya. Amma ban bar sigari ba, kuma wannan ne kuskuren da har yau yake ci mini rai. Na bar wa kaina kara uku a fada da dare, guda bayan kowane zagaye na shayi. A lissafina, wanda ya sauko daga 20 zuwa 3 ai ya kusa tsira. Wata takwas na yi a haka, hankalina kwance.

Ga kuma abin da ban lura da shi ba. Da can sai na fita waje nake kunna sigari, don tartsatsi guda ya isa ya huda shaddar mutane. Puf kuwa yana kan teburin keke, in taka in zuƙa, in yanka in zuƙa, tun safe har magariba. Ban taɓa duba rubutun da ke jikinsa ba. Ashe 5% aka rubuta, wato miligiram 50 na nikotin a kowane mililita na ruwan. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda a wuce 20 ba.

Ana nan sai jikina ya ƙi. Zuciya na dukan tara-tara ina zaune, maƙogwaro a bushe komai yawan ruwan da na sha, hannu na rawa har zura zare a allura ya zama aiki. Da na je asibiti aka auna tansiyo, wato awon hawan jini, ta hau 16 da 10. Likitan ya ce, "Malam, kana shan taba?" Na ce na bari, saura kara uku kawai. Ya ajiye biro ya ce, "To ba ka bari ba. Zuciya ba ta yin irin wannan lissafin."

Daga baya ƙanena ya karanto mini wani bincike da aka fitar a Ingila a 2018, wanda ya tattara nazari 141. Mai shan kara ɗaya tak a yini yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki na mai shan 20. Kara ɗaya! Ni kuwa uku nake sha, ga nikotin ɗin puf ina ɗurawa a kai yini guda.

Abin da ke kashe mai sigari ƙonewar ganyen ne. Hayaƙin na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki na haddasa sankara, ga kwalta da ke liƙe wa huhu, ga iskar da ke hana jini ɗaukar numfashi yadda ya kamata. Puf ba ya ƙona komai, ruwa yake dumamawa ya zama tururi. Shi ya sa hukumomin lafiyar Ingila ke cewa illarsa ba ta kusa da ta sigari ba, ga wanda ya koma kansa gaba ɗaya. Wannan "gaba ɗaya" ita ce ba wanda ya faɗa mini, ba mai sayarwa ba, ba abokan fada ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma na gargaɗin cewa shi ma yana da illa, kuma na gani a jikina: nikotin na ƙara bugun zuciya, yana tayar da tansiyo.

Sai da na ƙaurace wa fada mako shida, don in dai na riƙe kofin shayi hannuna zai nemi ashana. Wasu sun ji haushi. Na bar puf na yarwa, na koma wanda ake ɗura wa ruwa, na fara da ruwa mai miligiram 12 na nikotin, yanzu ina 6. Na mayar masa da dokar sigari: yana cikin durowa, sai na fita waje.

Yau wata 14 ban kunna kara ba. Hunturun bara ya zo ya wuce ban yi tarin nan ba, tansiyo ta sauko 13 da 8. Nikotin dai bai sake ni ba tukuna. Kuma duk lokacin da na tuna wata takwas ɗin nan, ina biyan kuɗin abu biyu ina jin na yi dabara, sai raina ya ɓaci.

Makon jiya na tarar da yaron shagona, ɗan shekara 17 da bai taɓa sa sigari a baki ba, da puf mai ƙamshin mangwaro a aljihu. Na tambaye shi inda ya koya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Maigida, a wurinka na gani." Na karɓe, na nuna masa 5% ɗin da yatsa, na ce gobe da safe mu tafi tare wajen babansa.