Ku buɗe adakar malam kafin gara ta riga ku

Ƙannena na Nima da Mamobi da Sabon Zango, mu a zamaninmu laburare wurin fakewa ne idan jarrabawa ta matso. Sai mu hau trotro, ƙaramar motar haya, mu sauka a High Street, mu shiga babban ɗakin karatu na Accra, mu baje takardun makaranta, mu tashi da la'asar ba mu taɓa littafi ko ɗaya a kan kanta ba. Na yi shekaru a haka, kuma ban tambayi ma'aikatan wurin komai ba sai ƙarfe nawa za a rufe.

Na girma sosai kafin na taka laburaren George Padmore da ke Ridge. Kwame Nkrumah ne ya kafa shi a 1961 don tunawa da Padmore, mutumin Trinidad, mai ba shi shawara kan harkokin Afirka, wanda ya rasu a 1959. Wannan laburare ne ke riƙe da aikin laburaren ƙasa: wanda ya buga littafi a Ghana doka ta ce ya kai kwafi, can kuma ake karɓar lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya. Ba wurin aro ba ne, zama ake yi a karanta. In kun je, kada kunya ta hana ku magana. Ku faɗa wa ma'aikaci abin da kuke nema, ko da tarihin unguwarku ne, ku roƙi a fito muku da tsofaffin jaridu. Aikinsa ke nan.

Amma asarar da ta fi ci mini rai a gida aka yi ta. Kakana malami ne. Da ya rasu ya bar adaka cike da takardu, wasu cikin gafaka, wasu an ɗaure su da tsirkiya. Tawada baƙa, wasulla da ja, sharhi ƙanana a gefen shafi da hannunsa. Na ɗauka duk addu'o'i ne irin waɗanda kowane malami ke da su, na bari aka tura ta ƙarƙashin gado a ɗakin da ke yoyo. Da muka buɗe bayan 'yan shekaru, gara ta cinye rabi, sauran sun manne, tawadar ta narke.

Daga baya na ji cewa a Jami'ar Ghana da ke Legon, Cibiyar Nazarin Afirka ta bi gidajen malamai tun shekarun 1960 tana tattara irin waɗannan takardu na Larabci da ajami. Cikinsu har da rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga, ya rasu a 1934, wanda ya yi waƙoƙi da Hausa da Larabci kan abin da idonsa ya gani, har da zuwan Turawa. Wa ya san wasiƙar wa, ko tarihin wane zango, ke cikin adakar kakana? Da na sani ƙeya ce.

To, in akwai irin wannan kaya a gidanku, ku nemi izinin manya tukuna, don abin gado ne. Ku ɗaga adakar daga ƙasa, ku nisanta ta da bango mai laima. Kada ku ƙulle takardun cikin leda, gumi suke yi, kuma kada ku liƙe wadda ta yage da salatif. Tsofaffin littattafai ba ɗinki gare su ba, kalmar da aka rubuta a ƙasan shafi ita ke nuna shafin da ke biye, saboda haka kada ku hargitsa jerin. Ku ɗauki hoton kowane shafi da waya, da rana, sannan ku kai wa wani dattijon malami da ke karanta ajami ya faɗa muku mene ne, ku rubuta bayaninsa tare da sunan mai takardun.