Katakon da ya ci mini bayan jirgi

Har yau idan na hango katakon nan mai kore-kore, wanda aka jiƙa da maganin gara da ruɓa, sai raina ya sosu. Shi ya ci mini bayan tsohon jirgin ruwan da na gyara. Kuma ba wanda ya yaudare ni, ni na ɗauko shi da hannuna, ina murna, ina ganin na yi dabarar da ta fi ta waɗanda suka ƙera jirgin.

Jirgin na alminiyon ne, ƙafa 14, ƙirar Amurka, irin wanda ake rataya wa inji a baya. Babu lambar nan mai haruffa 12 da aka wajabta wa masu ƙera jirage a can su riƙa bugawa a bayan kowane jirgi tun 1972, don haka ya girmi dokar. Zuriyar jiragen nan ne da aka yi ta ƙerawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka wayi gari ga alminiyon tuli, ga ma'aikata da suka ƙware a dukan ribit, wato ƙusar da ake baje wa wutsiya ta haɗe fallayen ƙarfe, a masana'antun jirgin sama, yaƙin kuma ya ƙare. Kamfanin Grumman, mai ƙera jiragen saman yaƙi, ya shiga yin kwale-kwale a 1945, kamfanin Alumacraft ya fara a 1946, na Lund a 1948. Da ribit aka ɗinke irin waɗannan jirage, layi bayan layi, kamar fiffiken jirgin sama. Wannan ɗinkin shi ya fara ja na. Na shafa hannu a kan layin kawunan ribit ɗin, na ji yadda suka jeru ba wanda ya ɗara wani, na ce wannan ba zai mutu a juji ba.

Cire fenti ba zan ɓata lokaci a kansa ba, aiki ne na haƙuri da samfefa. Abu biyu kawai na kiyaye saboda an gargaɗe ni: ban kai kostik soda kusa da shi ba, don cin alminiyon take yi kamar wuta, kuma ban yi amfani da buroshin baƙin ƙarfe ba, don ƙwayoyinsa na maƙalewa a jikin jirgin su zama tsatsa daga baya. Na ƙarfen da ba ya tsatsa na saya. Wato dai na san cewa akwai abubuwan da alminiyon ba ya shiri da su. Wannan ne ya fi ƙona mini rai idan na tuna, don ba a duhu gaba ɗaya nake ba.

Ribit ɗin da na fi tsoro su suka fi sauƙi. Na ɗora jirgin a kan tayoyi, na sa tiyo na zuba masa ruwa a ciki kamar tsawon taƙi ɗaya, ban ƙara ba, don kowace lita kilo ɗaya ce, kuma an yi jirgi ne ya tare ruwa daga waje, ba ya ɗauke shi a ciki ba. Na kwanta a ƙasa da alli da tocila, duk inda ɗigo ya taru na zagaye shi. A cikin ɗaruruwan ribit, waɗanda ke zuba ba su kai talatin ba. Yawancinsu ma ba sai an canja ba, sake matse su kawai aka yi. Ƙanena ya shiga ciki ya danne kowane da dunƙulen ƙarfe, ni ina bugawa daga waje. Yana ta cewa, "Yaya, a hankali, hannuna ya mutu!" Waɗanda kansu ya cinye na huda na fitar, na sa sababbi masu kaurin inci 3/16, na bar wa kowane wutsiya kamar kaurinsa ɗaya da rabi, don idan an buga ta baje ta yi kai mai kyau. Kwana biyu muka gama. Muka sake zuba ruwa, ƙasa ta kwana a bushe.

Sai allon baya, inda inji ke zama. A irin waɗannan jirage katako ne a tsakiya, alminiyon ya rufe shi ta waje, wani kuma ya lulluɓe samansa. Da na cire murfin na soka sukuddireba, sai ta shige har ƙota kamar a laka. Da cokalin magina na kwashe shi. Amma da na wanke fatar alminiyon ɗin da ke bayansa, sai na tarar da ita sumul. Shekaru fiye da hamsin tana manne da ruɓaɓɓen katako mai ruwa, ba abin da ya same ta sai ɗan dusashewa. Da na tsaya na yi tunani a kan wannan kaɗai, da na tsira.

Tunanin da na yi shi ne: ruwa ne ya kashe katakon farko, to bari in sa wanda ruwa ba ya iya kashewa. Na samo filawud da aka matsa wa magani, mai kauri inci 3/4, na yanka biyu na manne suka zama inci ɗaya da rabi. Ina tuna nauyinsa, da damshin da ke jikinsa, da yadda garin zartonsa ya fito kore yana manne wa yatsu. Na zura shi ya zauna cif, fuska da fuska da alminiyon, ba fenti, ba komai a tsakani. Na ɗaure da kusoshin ƙarfen da ba ya tsatsa, na cika kowane rami da gam ɗin 3M 5200 don kada ɗigo ya shiga. Ragowar katakon kuma na yi daɓen ƙasan jirgin da shi, ya kwanta kai tsaye a kan haƙarƙarin. Na ja baya na kalli aikina, wallahi har hoto na ɗauka.

Jirgin ya yi tafiya yadda ake so. Wajen shekara guda da 'yan watanni ina shiga ruwa da shi ba korafi. Wata rana ina wanke shi sai na ga fentin baya ya yi ƙuraje, ƙanana kamar kan ashana, a ƙasa da inda inji ke kamawa. Na ɗauka fentin ne bai kama ba. Na sa farce na fasa ɗaya, sai farin gari ya zubo. Na goge garin, na ga rami. Na ɗauko ƙaramar ƙusa na taɓa shi da ita, ban ma danna ba, ta wuce ta taɓa katako.

Na zauna a ƙasa na daɗe ban ce komai ba.

Fitar da allon ya ci mini kwana uku, kuma a nan 5200 ya nuna mini abin da aka yi shi dominsa. Gam ne na har abada, yakan ɗauki mako kafin ya gama bushewa, idan kuma ya bushe sai dai a yanka. Ni na zuba shi a wurin da ya kamata wata rana a iya kwancewa. Da waya mai kauri da wuƙa na bi shi inci-inci. Da katakon ya fita, fatar da na bari sumul ta koma kamar fuskar mai zanzana. Wani farin abu mai danƙo ya lulluɓe ta, ƙarƙashinsa ramuka ba iyaka, wasu sun huda, wasu saura ƙiris. Na ɗaga daɓen ƙasa, nan ma duk inda katako ya taɓa haƙarƙari ya bar sawunsa, sai dai bai yi zurfi ba, don wurin yana shan iska yana bushewa.

Na kai jirgin wurin wani dattijo mai waldar alminiyon, ina fatan ya cike mini ramukan. Bai fara da jirgin ba. Guntun katakon da na taho da shi ya ɗauka, ya juya shi, ya kankare da farce.

"Ɗana, wa ya ce ka sa wannan?"

Na ce, "Baba, ba kowa. Na ga ba ya ruɓewa ne."

Ya ce, "Shi ba zai ruɓe ba kam. Batir ka haɗa, jirginka ne kuma gawayin da ke ƙonewa."

Bayaninsa, da abin da na bi na karanta daga baya, ga shi. Koren nan na katakon jan ƙarfe ne, shi ne maganin da ke hana gara da ruɓa. Idan katakon ya jiƙe, jan ƙarfen yakan narke ya fito cikin ruwan, ya sauka a jikin alminiyon ƙwaya-ƙwaya. Duk inda ƙarfe iri biyu suka haɗu ga ruwa a tsakani, lantarki kan gudana, ɗaya ya ci ɗaya, kuma tsakanin jan ƙarfe da alminiyon kullum alminiyon ne abin ci. Abin da ke kare alminiyon wata siririyar fata ce da yake yi wa kansa da ya haɗu da iska. A matsatsin wuri mai damshi, inda iska ba ta kaiwa, idan fatar ta fashe ba ta samun damar warkewa, sai cin ya yi ta nitsawa wuri ɗaya kamar ana huda da allura. Shi ya sa ba ya nunawa a waje sai ya gama aiki. Wani ƙarin haushi kuma: tun ƙarshen 2003 aka daina yi wa gidaje katako mai tsohon maganin da ake kira CCA a Amurka saboda gubar asenik da ke cikinsa, magungunan da suka gaje shi, irin su ACQ, sun fi shi yawan jan ƙarfe, sun kuma fi shi cin ƙarfe. Wato mafi munin na samu. Na guje wa gara na faɗa gidan zago.

Walda kuma dattijon ya ƙi yi, ya kuma yi gaskiya. Fatar alminiyon ta bayan jirgin ba ta kai kaurin milimita 2 ba. Alminiyon na narkewa a digiri 660, amma siririyar fatar nan da yake yi wa kansa ba ta narkewa sai zafi ya haura 2000, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar baƙin ƙarfe, kana kallo zai zube ya bar maka rami. Ga ramukan cike da datti, wanda ke sa walda ta yi ta tofi. Ga kuma ribit kewaye da wurin, zafi zai sassauta su ya ƙona abin da aka shimfiɗa a tsakanin ɗinkin. Ya ce in cire fatar gaba ɗaya in sa sabuwa.

Haka na yi. Na samo fallen alminiyon samfurin 5052, wanda aka saba yin jikin ƙananan jirage da shi saboda yana jure ruwa kuma yana lanƙwasuwa ba ya tsagewa. Na ɗora tsohuwar a kai na zana. Sannan na bi duk ribit ɗin da ke zagaye da bayan jirgin na huda su ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ni da ƙanena muka sa sababbi muna alfahari. Da na kira shi ya sake zuwa riƙe dunƙulen ƙarfe, ya leƙa ya ga ɓarnar, abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya, ba wannan ne allon da ka ce zai binne mu ba?" Ban amsa masa ba.

A karo na biyu filawud na jirgin ruwa na sa, marar magani ko ɗigo. Na shafe shi da ifoksi, wani gam mai bushewa da tauri ya hana ruwa shiga, sau uku, na fi ba gefunan ƙarfi don ta nan yake shan ruwa. Kowane ramin ƙusa na huda shi ya fi girman ƙusar, na cika da ifoksi, ya bushe, sannan na sake hudawa daidai, ta yadda ƙusa ba ta taɓa katako ko kaɗan. Fatar alminiyon ta ciki ta sha fentin share fage irin mai kama alminiyon, da fenti a kai, kafin katako ya kusance ta. Kusoshin ma ban yarda da su kamar da ba, don ƙarfen da ba ya tsatsa shi ma yana cin alminiyon a hankali idan akwai ruwa, musamman na gishiri. Kowace na sa mata washa ta roba a ƙarƙashi. Gam kuma 4200 na yi amfani da shi, ƙanen wancan, wanda ke toshe ruwa amma ya yarda a kwance shi.

Tun daga nan na zama mai farautar jan ƙarfe. Na bi ƙasan jirgin da tocila na tsince guntayen wayar lantarki da na zubar lokacin da nake haɗa fitilu, kuma ƙarƙashin guda biyu na tarar da ɗan tabo ya fara. Fentin ƙasa da na yi niyyar shafawa, irin mai hana gansakuka da ƙwari mannewa, na karanta bayan gwangwanin na ga da jan ƙarfe aka yi shi, na mayar da murfin. Mai jirgin alminiyon da zai bar shi cikin ruwa sai ya nemi wanda aka rubuta ƙarara cewa ya dace da alminiyon. Da ban sha wancan dukan ba, da na shafe duk cikin jirgin da shi ina waƙa.

Mutane kan tambaye ni a kan ribit, ko su yi walda ko su buga sababbi, ko wane fenti ya fi sheƙi. Ina amsawa, amma ban taɓa barin mutum ya tafi ba sai na tambaye shi wane katako zai sa a baya. Rabinsu sukan ce mai magani, da irin murmushin da na yi a lokacin. Sai in shiga in ɗauko musu tsohuwar fatar, wadda na rataye a bango, in ɗaga ta saitin rana. Haske na fitowa ta wuri goma sha tara, na ƙirga ba sau ɗaya ba.

Ragowar koren katakon na nan a gefe, na rasa yadda zan yi da shi, don ba a ƙona shi, hayaƙinsa da tokarsa guba ne. Kwanan baya muka fito da jirgin za mu kifa shi ya bushe, ƙanena ya jawo guda biyu zai shimfiɗa mu ɗora a kai. Ihun da na yi sai da ya saki katakon a ƙafarsa.