Kwaɗo a Bakin Famfo

Da safe na fito zan tafi aiki, sai na tarar da jarkoki sun yi layi a ƙofar gidan Alhaji, yara suna tsaye cirko-cirko, famfon da ya fitar waje don sadaka kuwa an garƙame shi da kwaɗo. Maigadi ya ce taɓon da yaran ke jawowa ne ya ishe su. Abin ya tsaya mini a rai har na tashi daga ofis.

Bayan magariba na biya wurin Kawu na ba shi labari. Bai yi mamaki ba. Ya ce, "Kai yaro, wadata ce ta ɓata mutane. A farin 1973 Innarmu takan raba kwanon gero biyu ta aika wa maƙwabta rabi, alhali ba ta san abin da za mu ci gobe ba. Da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, suka shigo a 1975, aka sayi babura da rediyo, daga nan kowa ya fara ɗaga katangarsa."

Na ce, "Kawu, a yi mini afuwa, amma mutanen da ɗin nan su ne suke ware kuturu a bayan gari, ba sa haɗa kwano da shi, kuma sai a 1936 doka ta haramta bauta gaba ɗaya a Arewa. Yau kuturu yana karɓar magani kyauta, ba kuma mai iya kai ɗan Adam kasuwa. Wannan ba gyaruwa ba ce?"

Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Magani ne ya cire tsoro, doka ce ta riƙe hannu. Ka taɓa ganin zuciyar da aka yi wa allura?" Har yanzu ina ganin ya cika yabon zamaninsu, domin yunwa ma ta sa wasu sun ɓoye hatsi, amma ban sami amsar tambayarsa ba.

A hanyar gida na tuna cewa mu ma muna da rijiyar burtsatse, tankinmu cike yake, kuma bara da Hajiya ta ce a fitar da famfo waje, ni ne na kawo zancen kuɗin wuta. Na kira mai gyaran famfo, ya ce zai zo ranar Asabar ya auna bututu. Na kwanta ina tambayar kaina ko tausayin yaran ne ya sa na kira shi, ko kuwa kunyar Kawu.