Rabin aikina baki ne

Ƙaramin asibiti gare ni a bayan kasuwa, ni da nas biyu da yaron da ke ba da kati. Ba mu da na'urar hoto, gwajinmu bai wuce na maleriya da suga da ciki ba. Abin da babban asibiti ke ganowa da inji, ni da tambaya nake lalubo shi.

In ka ce wa mutum "kana da wata cuta?" amsar ɗaya ce: lafiya lau, sai wannan zazzaɓin. Ba ƙarya yake yi ba, a wurinsa ciwon da ya lafa ya wuce. Shi ya sa abin da ya taɓa faruwa nake tambaya: "Baba, an taɓa kwantar da ku? An taɓa ƙara muku jini? Akwai ƙwayar da aka ce ku riƙa sha kullum?" Nan hawan jini ke fitowa, wanda aka bar maganinsa tun da ciwon kai ya tafi. Haka tarin fuka. Maganinsa na wata 6 ne, kyauta a asibitin gwamnati, amma wasu da sun ji ƙarfi sai su ajiye.

Masu ciki sun fi cin lokaci. Ka ce haihuwa nawa, ta ƙirga maka masu rai, wata ma ta tsallake ɗan fari don kunya. Ɓari, da wanda ya koma, da jijjiga, da tiyata, kowanne sai an tambaye shi daban, a hankali. In maigida na amsawa a madadinta, nakan tura shi biyan kuɗin kati, nas ta zauna da mu.

Sai ledar magani, ita kam ba ta ɓoye komai. Mai gyambon ciki da ke shan diclofenac daga kemis don ciwon gwiwa, alhali maganin na tsananta gyambon, a leda nake kama shi. Wanda Septrin ya taɓa feso masa ƙuraje, ba zan ba shi Fansidar ba, danginsu ɗaya. Jiƙo da sassaƙe kuwa sai na rantse ba zan yi faɗa ba kafin a faɗa mini.

Duk wannan ba ya ƙara ko kwabo a kuɗin kati, layi kuma na ƙorafi wai likita sai surutu, ba allura. Katin dai, da muke rubuta duk wannan a ciki, a wurinmu yake kwana, don in an tafi da shi gida, a dawowa sai mu sake daga farko.