Bakod ɗin mai kanti ne, ba na mai tara kaya ba

Motocin wasana sun yi yawa har na kasa riƙe su a ka, yawanci Hot Wheels ne sai ɗan LEGO da ƴartsanar Funko kaɗan, shi ne na ce bari in yi musu rajista a waya. A tunanina aikin ba wuya, in haska bakod ɗin bayan kwali da kyamara, shafukan nan na intanet masu ajiye lambobin kaya su kawo min suna da shekara, shi kenan.

Ina! Na haska jar mota ya kawo suna, na haska wata shuɗiya mai kama da motar ɗaukar kaya ya sake kawo wannan sunan dai, da hoton wata mota can daban da ban taɓa riƙewa ba. Ashe ƙananan Hot Wheels ɗin nan na gama-gari bakod ɗaya kamfaninsu Mattel ke buga wa tarin motoci daban-daban, tunda kuɗinsu ɗaya ne, mai kanti kuwa farashi kawai yake so ya gani a na'ura, ba ruwansa da wace mota ce. Shafin kuma duk sunan da wani mai sayarwa ya fara liƙa wa lambar shi zai yi ta maimaita maka. Funko ma haka, wanda ake kira chase, mai wuyar samu mai tsada, bakod ɗinsa ɗaya da na gama-gari, sitikar gaban kwali ce ke raba su.

Tsofaffin kaya sun fi ban haushi wallahi. Kafin 2019 GS1, ƙungiyar da ke raba lambobin, ta yarda kamfani ya sake ɗora tsohuwar lamba a kan sabon kaya bayan wasu shekaru, to kana iya haska kwalin da ya tsufa ka ga abin da ko kusa bai yi kama da shi ba. Waɗanda na tsinta a gwanjo kuwa ko kwali babu balle bakod.

LEGO ne kawai bai wahalar da ni ba, kowane set da lambarsa a jikin akwati, ka zuba ta a shafin BrickLink ko Brickset komai ya fito tsaf.

Yanzu dai bakod na mai da shi na tabbatar da kamfani kawai, shi ma ka sani lambobin farkonsa, irin 690 na Sin ko 615 na Najeriya, inda aka yi rajista suke nunawa ba inda aka ƙera ba. Motocin kuma sai in juya su in karanta rubutun da ke gindinsu, in ɗauki ƴar lambar nan mai haɗe da haruffa a jikin katin da motar ke zuwa a kai, in duba a shafukan masu tarawa, sannan in rubuta da hannuna a Excel haɗe da hoto. Shekarar gindin ma kar ta ruɗe ka, ta haƙƙin ƙirar ce, motar kan iya fitowa kasuwa bayanta da shekara ɗaya ko ma shekaru.