Laimata da teburin Baba mai shayi

Na gama hidimar ƙasa a 2021, na dawo Kano da takardar digiri a cikin leda, na shiga yawon neman aiki har takalmina ya riga ni gajiya. Da yayana ya ga yawon ba mai ƙarewa ba ne, sai ya ranta mini jari. Na karɓi na'urar POS, na sayi laima da ɗan tebur da kujerar roba guda ɗaya, na kafa a bakin titi kusa da 'yar kasuwar unguwarmu. A gefena akwai wani dattijo mai shayi, Bazazzage, wanda tun ina firamare nake ganinsa a wurin. Baba kawai ake ce masa. Ranar da na fara zama ya leƙo, ya dube ni, ya dubi na'urar, ya ce, "Alhamdulillahi, bawana Bakano ya samo injin haihuwar kuɗi. Daga yau sai ka fara biyan ubangidanka haraji."

Ban yi dariya ba. Kunya ce ta cika ni a lokacin. Duk wanda ya wuce a mota gani nake kamar ɗan ajinmu ne, yana nuna wa matarsa inda boko ya ajiye ni. Don haka na ɗaure fuska tamau, na mayar da ita garkuwa.

Aikin kansa ba wuya. Mutum ya miƙo kati, ka sa, ya danna lambarsa, ku jira rasit ya fito, ka ƙirga masa kuɗinsa ka cire naka. Wahalar tana cikin jiran. Wani lokaci sabis ya ɗauke a tsakiya, a cire kuɗin daga asusun mutum, ni kuwa ba su shigo mini ba. Shi ga alat a wayarsa, ni ga na'ura tana cewa ciniki bai yiwu ba, kowa da gaskiyarsa. A watannin farko da gardama nake fuskantar wannan, har da ɗan Turancina don a san ba jahili ke zaune ba. Sai a rabu dutse a hannun riga. Baba yana jinmu yana fifita wutarsa. Wata rana bayan an watse ya turo mini shayi ya ce, "Kai wannan fuskar taka, kamar wanda aka aiko karɓar bashi gidan surukai. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. To kai ko tabarmar ba ka da ita, kujera ɗaya ce kuma kai ke kanta. Me za ka shimfiɗa wa mutane?" Na sha shayin, maganar kuwa na bar ta a wurin.

Sai ga canjin kuɗi. A ranar 26 ga Oktoba, 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fara yawo a tsakiyar Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Wanda ya rayu a Najeriya a makonnin nan ba ya bukatar a ba shi labari. Mutane suka kwashi tsofaffin kuɗinsu suka kai banki, sababbin kuma suka yi wuyar gani kamar watan Sallah a ranar hazo. Ga sanyin hunturu, ga zaɓe yana tahowa ranar 25 ga Fabrairu, ga mai kuɗi a asusu yana rasa na cefane.

Ni da sana'ata ke nan, sayar da tsabar kuɗi, na wayi gari ba haja. Daga sallar asuba nake wucewa layin banki, a ba ni lamba a 'yar takarda, in tsaya har rana ta take, in fito da abin da bai isa mutum uku ba. Daga nan in bi gidajen mai da manyan 'yan kasuwa ina roƙon su sayar mini da cinikinsu, in tura musu da ƙari a sama. Kafin in iso laima, mutane sun cika bencinan Baba suna jirana, kowa ransa a ɓace.

A nan na ga aikin dattijon nan da idona. Shi ba shi da asusun banki, masu shan shayinsa kuma ba su da tsaba. Sai ya samo littafin makaranta ya mayar da shi littafin bashi, ya raɗa masa suna Babban Bankin Baba, ya naɗa kansa gwamna. Ya kawo mini kwali ya ce in rubuta masa da manyan baƙi, tunda bokona dai bai samu wani aikin ba: "Ana karɓar tsohon kuɗi, sabon kuɗi, taransifa da alkawari." Ya rataye a jikin teburinsa. Taransifar ta asusuna take biyowa, to idan wani ya tura kuɗin shayi aka jira shiru ba alat, sai Baba ya ɗaga murya: "Ku yi mata uzuri, jama'a. Daga Zariya ta taso, ta tsaya cin abinci a Kwanar Dangora." Idan ta kwana ba ta zo ba, ya ce ai ta shigo Kano, Kanawa sun tare ta a hanya suna neman la'ada.

Da farko na ɗauka shirme ne, tsoho ya rasa abin yi. Amma ina zaune ina kallon abin da ke faruwa a kan bencinan. Mutum zai zo yana huci, ya zauna, ya ji ana muhawara a kan inda taransifar wani ta kwana, kafin layi ya zo kansa ya riga ya sa baki. Fushinsa yana nan, ba inda ya je, kuɗinsa ma ba su fito ba. Sai dai fushin ya samu wata hanya da ba ta kaina ba. An daina ganina a matsayin wanda ya riƙe kuɗin, an koma ganinmu duka a cikin rami ɗaya.

Akwai wata Bafulatana mai fura da nono da ke ajiye ƙwaryarta kusa da mu, da wani Babarbare mai tallan huluna. Ita ta rantse ba ta karɓar kuɗin da ba ta gani da ido. Shi kuma kullum sai ya tsokane ta: "Baiwata, kawo saniya ɗaya mu sa mata kati a baki, mu ga ko za ta fitar da rasit." Ita ko ta ce, "Ka fara biyan furar shekaranjiya, bawan banza, sannan ka yi maganar saniya." Su yi ta yi, mutane na dariya, a ƙarshe ta dama masa ya sha bashi. Ni da na taso cikin irin wannan wasa, Kanawa da Zazzagawa, Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa, jika da kaka, taubashi da taubashi, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba sai a lokacin. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane darajarsa, don tun 2014 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wasan barkwancinsu cikin jerin al'adun gado na duniya. Mu nan a bakin titi ba mu da takardar shaida, amma shi ya ciyar da mai huluna a watan da kuɗi suka ɓace.

Rana ta farko da na gwada irin wannan raha, wani Alhaji ne ya sa kati sau uku na'urar tana ƙi. Ya fara ɗaga murya. Bakina ya ɗauko gardamar da ya saba, sai na haɗiye, na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, amaryar tawa ce ta yi yaji tun safe. Na aika biko sau biyu, iyayenta sun ce sai na zo da kaina." Ya tsaya yana kallona, sai ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Ka sayo mata zane mana, rowar Kanawa ce ta kore ta." Daga ranar in zai wuce sai ya rage tafiya ya tambayi lafiyar amarya. Unguwa ta ɗauka. Yara ma in sun ga na ɗaga na'urar sama ina neman sabis, sai su ce ana lallashi.

Abin ya yi mini daɗi, kuma a nan na fara zarcewa. Na gano cewa idan na sa mutum dariya ba ya tsayawa ciniki a kan caji. Kafin canjin kuɗi naira 100 nake karɓa a kan 5,000. A tsakiyar Fabrairu abin ya ninka sau da yawa. Wani ɓangare dole ce, tunda ni ma saye nake yi, wani ɓangaren kuwa, in faɗi gaskiya, kwaɗayi ne. Sai in jefa barkwanci daidai lokacin da nake faɗin kuɗin, mutum ya biya yana murmushi. Har yau idan na tuna ba na jin daɗi. Raha tana iya zama man shafawa a kan wuƙa, kuma na shafa.

Wata yamma, ana gab da magariba, wata mata ta zo, za ta kai sa'ar mahaifiyata. Ta miƙo kati ta ce 5,000. Na sa, aka cire mata, na'urar ta ƙi. Ta nuna mini alat hannunta na rawa. Ni kuwa ko duban fuskarta ban yi ba, na ɗaga murya don 'yan benci su ji: "Hajiya, kin zo a rana mara kyau, amarya ta sake yaji, wannan karon har da kayan ɗaki ta kwashe." Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce a hankali, "Ɗana, yarona ne a kwance a asibiti. Kuɗin magani ne, kuma su ke nan gare ni."

Wurin ya yi tsit. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya ajiye butarsa, ya jawo gwangwanin da yake tara ɗan abin da ya samu na tsaba, ya juye, ya ƙirga. Bai kai ba. Na cika daga abin da na ɓoye don gobe. Ya miƙa mata da hannu biyu ya ce, "Hajiya, yi sauri kada su rufe. Idan naki sun dawo kya kawo. Allah ya ba shi lafiya." Ko sunanta bai rubuta a Babban Bankin ba.

Bayan isha'i, ina naɗe laima, ya kira ni. Karo na farko da ya yi mini magana bai ce Bakano ba. Ya ce, "Ɗana, tunda kake zaune a nan, ka taɓa ganin na tsokani mai jin yunwa kafin in miƙa masa kofi? Shayi ne a gaba, wasa a baya. Kuma kafin ka buɗe baki, dubi idon mutum."

Na kwana ina juya maganar. Na bi barkwancinsa ɗaya bayan ɗaya a raina, na ga ashe duk suna da ƙa'ida, ni ne ban lura ba. Ko dai kansa yake yi wa dariya, ko taransifa da ba ta da zuciyar da za ta ji ciwo, ko kuwa ni da sauran Kanawa da al'ada ta ba shi izini a kanmu, mu ma ta ba mu a kansa. Bai taɓa mayar da mai bukata abin kallo ba. Na tuna hadisin mutumin da ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman abin hawa, aka ce masa za a ɗora shi a kan ɗan taguwa. Ya ce me zai yi da ɗan taguwa? Aka ce masa, akwai raƙumin da ba taguwa ce ta haife shi ba? Tun a Islamiyya na san shi, amma sai a daren na ga cewa wasan da biyan bukatar a cikin magana ɗaya suka zo, kuma babu ƙarya a ciki. Ni kuwa na ba matar wasa tsura, hannuna a rufe.

Ba na cikin masu cewa ka yi murmushi kawai komai zai daidaita. Murmushi bai fito da ko naira 200 daga banki ba. Baba ma ba don bai san zafi ba yake raha. Na sha ganinsa da daddare, bayan kowa ya tafi, ya buɗe littafin nan a ƙarƙashin fitila ya yi shiru yana bin layuka da yatsa, ga mai burodi da mai madara suna jiran nasu da safe. Da yawa daga cikin bashin nan har yau ba a biya ba. Na taɓa tambayarsa yadda yake iyawa, ya ce in ya zo da damuwarsa kan tebur, su kuma masu zuwa da tasu ina za su ajiye? Sannan ya ce in daina yi masa tambayar 'yan jarida, in biya harajin da nake ta gudu.

Washegari na rage caji zuwa abin da zan iya faɗa ba tare da na nemi barkwancin rufe shi ba. Na kuma sayi ƙaramin benci na ajiye a ƙarƙashin laimar.

Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun har ƙarshen shekara. Ba nan take abin ya saki ba, amma kafin azumi ya yi nisa tsofaffin kuɗin da aka guje su sun dawo hannu, sun yi laushi, suna wari, kowa na karɓarsu kamar ɗan da ya dawo daga ci-rani. Baba ya sanar da murabus ɗinsa daga gwamnan banki, amma kwalin ya ƙi cirewa.

A cikin azumin, wata la'asar, ina gyangyaɗi a kan kujera, sai na ji sallama. Matar nan ce, riƙe da hannun wani yaro siriri mai sabon aski. Ta wuce wurin Baba, wanda ke jera kofuna don buɗa-baki, ta kwance bakin mayafinta ta ƙirga masa kuɗinsa, ta dawo ta ajiye nawa a kan tebur. Na miƙe ina ta haɗa kalmomin ban-haƙurin da na yi makonni ina shiryawa. Ba ta bari na fara ba. Ta leƙa na'urar, ta dube ni, ta ce, "Ɗana, ya amaryar taka? Ta dawo da kayan ɗakin kuwa?"

Baba ya amsa daga bayan tukunyarsa: "Ina fa, Hajiya. Wa zai zauna da Bakano?"