Minti goma bayan Asuba

Wata uku ke nan ina zama shiru bayan sallar Asuba, ina jan numfashi a hankali ina sakewa, saboda yawan tunani ya fara hana ni barci. Da farko da agogon waya nake auna lokaci, amma da ƙararsa ta tashi sai gabana ya faɗi, 'yar natsuwar da na tara ta watse.

Na sauke wata manhaja, tun ban zauna ba ta cika min ido da talla, tana neman kuɗin wata-wata. Na goge ta.

Wata manhajar mai suna Insight Timer na tsaya a kai. Ina saita minti 10, ƙararrawa mai taushi ta buga a farko, ta sake a minti na 5, sannan ta ƙarshe. Wallahi ta tsakiyar nan ta fi min amfani. Duk sanda zuciya ta tafi lissafin kuɗin makarantar yara, ita ke dawo da ni kan tabarma.

Ƙanwata kuwa agogon hannu na Apple Watch take ɗaurawa. Yakan ɗan girgiza a tsintsiyar hannunta, ba sauti, jaririnta na ta barcinsa a gefe.